Digirin Nazarin Cuɗanyar Al'adu

Nazarin cuɗanyar al'adu fanni ne na ilimin jami'a da ke duba abin da ke faruwa idan mutanen da suka tashi cikin al'adu, harsuna ko addinai daban-daban suka haɗu a wurin aiki, makaranta, asibiti, kasuwa ko zaman sulhu. Ya bambanta da nazarin al'adar wata al'umma guda, domin hankalinsa yana kan mahaɗa ne: inda ake fahimtar juna, inda fahimta ke tsinkewa, da abin da za a yi a ɗinke ɓarakar. Ya samo kayan aikinsa daga ilimin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, kimiyyar harshe, ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan'adam, tarihi da nazarin addinai. Ana bayar da digirin farko da na biyu da na digirgir a wannan fanni a Amurka, Kanada, ƙasashen Turai, Japan da wasu wurare. Digirin ba ya kai mai shi ga sana'a guda mai lasisi kamar aikin likita ko na lauya. Waɗanda suka kammala shi suna bazuwa ne a harkar ilimi, aikin agaji, kiwon lafiya, kasuwanci, aikin gwamnati, watsa labarai da hidimar addini.

Asalin fannin

Galibin masu rubuta tarihin fannin suna danganta farkonsa da Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin ƙasar tana tura jakadu da ƙwararrun noma da injiniyoyi zuwa ƙasashe da dama, kuma da yawansu ba su jin harshen inda za su, ba su kuma san ɗabi'un mutanen wurin ba. A 1947 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta buɗe cibiyar horas da jami'an diflomasiyya. Edward T. Hall, masanin al'adu wanda ya zauna da ƙabilun Nabaho da Hofi a kudu maso yammacin Amurka a shekarun 1930, ya koyar a can a farkon shekarun 1950 tare da masanin harshe George Trager. Hall ya lura cewa jami'an ba su da haƙurin sauraron dogayen ra'ayoyin masana. Abin da suke so shi ne a faɗa musu nisan da ya kamata su tsaya daga abokin magana, ƙarfe nawa za su isa idan an gayyace su, da tsawon gaisuwar da za a yi kafin a shiga batu. Wannan ya sa ya mayar da hankali kan ƙananan ɗabi'un da mutane ke yi ba tare da sun ankara ba. Littafinsa The Silent Language, wanda ya fito a 1959, shi ake ɗauka a matsayin tubalin fannin.

A 1960 masanin al'adu Kalervo Oberg ya wallafa bayaninsa kan ruɗanin da baƙo ke shiga idan ya daɗe a wata ƙasa: da farko ɗokin sabon wuri, sai ƙunci da jin haushin komai, sannan sabawa sannu a hankali. A shekarar da ta biyo baya shugaba John F. Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, wadda Ghana ce ƙasar farko da ta karɓi ayarinta. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar sa-kai da ke Ibadan ta rubuta katin gaisuwa zuwa gida tana kwatanta rayuwar da ta gani a matsayin ƙazanta da ci baya. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Irin waɗannan abubuwa sun nuna cewa lacca a aji kan tarihin wata ƙasa ba ta isa shirya mutum zama a cikinta ba, sai aka koma ga horaswa ta hanyar kwaikwayon yanayi da zama a gidajen mutanen gari. A 1974 aka kafa SIETAR, ƙungiyar malamai da masu horaswa da masu bincike a wannan fanni, kuma a 1977 mujallar fannin ta ilimi mai faɗin tasiri, International Journal of Intercultural Relations, ta fara fita.

Akwai tushe na biyu, wato makarantun tauhidin Kirista. Makarantar Fuller da ke Kaliforniya ta buɗe tsangayar nazarin aikin mishan a 1965 a ƙarƙashin Donald McGavran, kuma a 2003 ta sauya mata suna zuwa tsangayar nazarin cuɗanyar al'adu. Jami'ar Biola da Kwalejin Wheaton da wasu makarantun Kirista su ma suna bayar da digiri mai wannan suna. Ɗaya daga cikin fitattun malaman Fuller, Charles Kraft, ya yi aikin mishan a arewacin Najeriya, kuma shi da Anthony Kirk-Greene suka rubuta littafin koyon Hausa da ya fito a 1973. Saboda wannan tarihi, sunan digirin a Amurka yana iya nufin abu biyu: kwas na kimiyyar zamantakewa da sadarwa, ko shiri na horas da masu wa'azin Kirista. Sai an karanta manhajar makaranta ake sanin wanne ne.

A Turai kuwa ƙaura ce ta ɗaga fannin. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, Faransa da Ingila kuma suka karɓi jama'a daga ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka, sai makarantu da asibitoci da hukumomin gari suka soma neman waɗanda za su iya aiki da sababbin mazauna. Shirin musayar ɗalibai na Erasmus da aka soma a 1987 ya ƙara buƙatar. Jami'o'i irin su Bayreuth da Jena da Passau a Jamus, da Jyväskylä a Finlan, sun yi suna a fannin. A Latin Amurka al'amarin ya ɗauki wata fuska, ta haƙƙin 'yan asalin ƙasa: daga farkon shekarun 2000 Meziko ta kafa jami'o'in cuɗanyar al'adu a yankunan ƙabilun asali, inda ake ba harsunansu da iliminsu na gargajiya gurbi a karatu.

Abin da ake koyarwa

Digirin farko shekara huɗu ne a Amurka, uku kuma a mafi yawan ƙasashen Turai. Ana farawa da darussan share fage kan al'ada da harshe da addinan duniya, sai a shiga hanyoyin bincike, sadarwa, ƙaura, wariyar launin fata da ta ƙabila, da warware rikici. Yawancin makarantu suna wajabta koyon wani harshe, da zangon karatu a wata ƙasa ko aikin sanin makama a wata hukuma. A shekarar ƙarshe ɗalibi kan rubuta kundin bincike da ya gina a kan zama da wata al'umma.

Ayyukan masana uku ne suka fi yawo a azuzuwa. Na farko shi ne Hall. A littafinsa Beyond Culture na 1976 ya raba al'adu gida biyu ta fuskar magana. Akwai waɗanda ke barin rabin saƙo ga yanayi da dangantaka da hannunka-mai-sanda, kamar yadda ya kwatanta Japanawa da Larabawa, akwai kuma waɗanda ke son a fayyace komai a baki ko a takarda, kamar Jamusawa da Amurkawa. Ya kuma bambanta al'ummomin da ke yin abu ɗaya a lokaci ɗaya bisa agogo da waɗanda ke haɗa hidimomi da yawa suna fifita mutumin da ke gabansu a kan jadawali.

Na biyu shi ne Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi nazarin takardun tambayoyi fiye da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cike a ƙasashe daban-daban tsakanin 1967 da 1973. A littafinsa Culture's Consequences na 1980 ya fitar da ma'aunai huɗu: yadda ake yarda da tazara tsakanin shugaba da na ƙasa, fifita kai ko fifita jama'a, fifita gasa ko tausayi da zaman lafiya, da kuma gudun abin da ba a san ƙarshensa ba. Daga baya aka ƙara biyu.

Na uku shi ne Milton Bennett, wanda a 1986 ya zayyana matakai shida da mutum ke bi wajen fuskantar bambanci. Yakan fara da rashin ganin bambancin ma, sai kare nasa da muzanta na wani, sai cewa ai duk ɗaya muke, sannan ya kai ga karɓar bambancin, da iya daidaita halinsa da shi, da kuma rayuwa cikin al'adu biyu ba tare da rikicewa ba. Abin lura a nan shi ne Bennett ya sa ra'ayin “duk ɗaya muke” a cikin matakan da ba su nuna ba tukuna, domin mai faɗinsa yakan ɗauka cewa kowa irinsa ne.

Ƙwarewar da ake samu

Ƙwarewa ta farko ita ce lura da jinkirta hukunci. Akwai atisayen da aka saba yi a aji: a nuna wa ɗalibi hoto ko wani abu da ya faru, a ce ya fara kwatanta abin da idonsa ya gani kawai, sannan ya kawo fassarori fiye da ɗaya, sai a ƙarshe ya faɗi ra'ayinsa. Yaron da ya sunkuyar da kai yayin da malami ke masa magana yana iya zama mai ladabi a wata al'umma, a wata kuma a ɗauke shi mai ɓoye laifi. Wanda aka horas yakan tambaya kafin ya yanke.

Ta biyu ita ce bincike ta hanyar zama da mutane. Ɗalibi yana koyon yin hira mai zurfi, jagorantar tattaunawar rukuni, rubuta abin da ya gani a kullum, da neman izinin mutane kafin ya yi amfani da maganarsu. Wannan ita ce ƙwarewar da ta fi saurin samun kasuwa, domin ƙungiyoyin agaji da kamfanonin fasaha duk suna biyan masu iya gano dalilin da ya sa jama'a suka karɓi wani abu ko suka ƙi shi.

Ta uku ita ce harshe. Darussan aji ba su wadatar. Ƙwarewar da masu ɗaukar aiki ke nema ita ce ta wanda zai iya yin ciniki, ya jagoranci taro, ya rubuta rahoto a harshen. Ta huɗu ita ce shiga tsakani: gane abin da kowane ɓangare ke tsoron rasawa, da samar da hanyar da za a janye ba tare da an kunyata kowa ba. Masaniya Stella Ting-Toomey ta gina ra'ayinta a kan wannan, wato yadda kare mutunci ke sauya salon jayayya daga wata al'umma zuwa wata. Ta biyar ita ce tsara horaswa da isar da saƙo guda ga masu sauraro iri-iri. Sai kuma sanin kai, wato mutum ya gane cewa abin da yake ɗauka a matsayin hankali na kowa da kowa tarbiyyar gidansu ce da ta garinsu.

Hanyoyin aiki

Harkar ilimi tana daga cikin manyan masu ɗaukar waɗanda suka kammala. Jami'o'in Amurka da Turai suna da ofisoshin kula da ɗalibai baƙi da na shirya karatu a ƙetare, inda ake ba da shawara kan takardun biza, masauki da sabawa da gari. Ƙungiyar ma'aikatan wannan ɓangare a Amurka, NAFSA, tun 1948 take. Wasu kuma suna koyar da Turanci ko wani harshe a ƙasashen waje, galibi bayan sun ƙara takardar shaidar koyarwa irin su CELTA. Shirin JET na gwamnatin Japan, wanda aka soma a 1987, yana ɗaukar masu digiri daga ƙetare domin taimaka wa malaman harshe da ofisoshin ƙananan hukumomi.

Aikin agaji da raya ƙasa shi ne abin da ɗalibai da yawa ke hari. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, hukumar kula da ƙaura ta duniya, ƙungiyar Red Cross da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna buƙatar jami'an hulɗa da jama'a, masu bin diddigin ayyuka, da masu taimaka wa iyalan da aka sake tsugunarwa su sami gida da makaranta da aiki. A Italiya da wasu ƙasashen Turai akwai aiki na musamman na mai shiga tsakanin al'adu, wanda ke tsayawa tsakanin baƙi da asibiti ko kotu ko ofishin 'yan sanda.

A fannin lafiya ne amfanin wannan ilimi ya fi fitowa fili. Littafin Anne Fadiman na 1997, wanda ake karantawa a makarantun likitanci da dama a Amurka, ya ba da labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Hmong mai farfaɗiya a garin Merced na Kaliforniya, da yadda saɓanin fahimta tsakanin iyayenta da likitoci ya dagula jinyarta. A annobar Ebola da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, wankan gawa na daga cikin hanyoyin yaɗuwar cutar, amma ƙwace gawa da ƙarfi sai ya sa mutane ɓoye majinyata. A ƙarshen 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'iza da ya ba dangi da malaman addini gurbi, har da yi wa mamaci Musulmi taimama a maimakon wanka. A arewacin Najeriya ma, dakatar da rigakafin shan-inna da aka yi a Kano da wasu jihohi a 2003 tana da alaƙa da rashin yarda, wanda gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ya ƙara wa ƙarfi. An koma rigakafin a Kano a 2004, kuma shigar sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida na daga cikin abubuwan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020.

Kamfanonin da ke da rassa a ƙasashe da yawa suna ɗaukar masu wannan digiri a sashen kula da ma'aikata, horas da waɗanda za a tura ƙetare, binciken kasuwa, da daidaita kaya ko manhajar kwamfuta da harshe da ɗabi'un masu saye. Malamai kan kafa hujja da haɗewar kamfanonin motoci Daimler-Benz na Jamus da Chrysler na Amurka a 1998, wadda ta watse a 2007, da kuma ficewar kamfanin kantuna Walmart daga Jamus a 2006. A duka biyun an ambaci saɓanin salon shugabanci da na mu'amala, ko da yake gasa da lissafin riba su ma sun taka rawa.

A aikin gwamnati akwai diflomasiyya, shige da fice, yawon buɗe ido da hukumomin kula da al'adu. Shiga aikin jakadanci yawanci ta jarrabawa ce da ba ta keɓe wa wani digiri ba. Aikin tafinta da fassara kuwa sana'a ce mai zaman kanta da ke buƙatar horo na daban, musamman a kotu ko a Majalisar Ɗinkin Duniya mai harsunan hukuma shida. Kafofin watsa labarai na ƙasa da ƙasa, irin su Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, suna buƙatar waɗanda za su bayyana al'amuran wata ƙasa ga masu sauraron wata.

Hidimar addini da sulhu ita ce hanya ta ƙarshe. Ɗaliban makarantun Kirista kan shiga aikin mishan, fassarar Littafi Mai Tsarki ko ayyukan jinƙai na coci. Wasu kuma kan shiga tattaunawa tsakanin mabiya addinai. Cibiyar sasanta Musulmi da Kirista da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1990 tana daga cikin misalan da ake nazari a ƙasashen waje. A Najeriya an fi samun irin waɗannan darussa a ƙarƙashin nazarin zaman lafiya da warware rikici, kamar a Jami'ar Ibadan da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, ko a sassan harsuna, aikin jarida da hulɗar ƙasa da ƙasa.

Suka da iyakoki

Babbar sukar da ake yi wa fannin ita ce yana iya haifar da abin da ya zo magancewa, wato yi wa jama'a kuɗin goro. Brendan McSweeney ya soki Hofstede a 2002 kan ɗaukar ma'aikatan kamfani guda a matsayin wakilan ƙasa baki ɗaya. A bayanan Hofstede na asali an haɗe Ghana da Najeriya da Saliyo a rukuni ɗaya da sunan Afirka ta Yamma, alhali a cikin Najeriya kaɗai akwai ɗaruruwan harsuna da al'adu. Ana kuma sukar fannin da cewa yawancin ra'ayoyinsa daga Amurka da Turai suka fito, kuma yakan kira matsala ta al'ada alhali tushenta talauci ne ko rashin adalci ko danniyar mai ƙarfi.

Akwai kuma batun amana. Tsakanin 2007 da 2014 sojojin Amurka sun gudanar da wani shiri na tura masana zamantakewa tare da dakaru a Iraƙi da Afganistan. Ƙungiyar masana al'adu ta Amurka ta yi tir da shirin tun a 2007, bisa hujjar cewa bayanan da mutane suka ba mai bincike na iya zama sanadin cutar da su. Saboda haka darasin ɗa'ar bincike ya zama ginshiƙi a manhajar makarantu masu inganci.

Matsayin digirin a kasuwar aiki

Tallan neman ma'aikata da ke kiran wannan digiri da sunansa ba su da yawa. Abin da ake nema shi ne jami'in shiri, malami, mai bincike, jami'in kula da ma'aikata ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, kuma mai wannan digiri yana gasa ne da waɗanda suka karanta wasu fannoni. Matakin farko a ƙungiyoyin agaji yakan zama na sa-kai ko na kwantiragi mai gajeren wa'adi, kuma kuɗin ayyukan yana hawa da sauka da siyasar ƙasashe masu bayar da tallafi. Manyan muƙamai a hukumomin duniya galibi suna buƙatar digiri na biyu da shekarun gogewa. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara kan ce a haɗa digirin da wani fanni mai sana'a a hannu, kamar lafiyar jama'a, koyarwa, shari'a, kasuwanci ko nazarin alƙaluma. Ƙimar digirin a wajen mai ɗaukar aiki tana rataye ne a kan abu uku: harshen da mai shi ya ƙware a kai, zaman da ya yi da wata al'umma da gaske, da sana'ar da ya haɗa da shi.